Da wane mudu aka auna? Kalmomin farko na ilimin halayyar ɗan Adam

Duk wanda ya shiga Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, ko sashen ilimi na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko makarantar koyon aikin jinya a Sakkwato, da wuya ya yi nisa bai ci karo da darasin saikoloji ba. A Hausa an fi ce masa ilimin halayyar ɗan Adam. Ɗalibai kan ɗauke shi abu mai sauƙi, domin kusan duk kalmar da malami ya furta sun sha jin irinta a gida: hali, hankali, koyo, mantuwa, tsoro, horo. Tarkon ke nan. Masu wannan fanni aron kalmomin yau da kullum suka yi, suka rage musu faɗi, har kowace ta koma sunan abu guda da za a iya gani, a ƙirga, a sake gwadawa. Ɗalibin da ya shiga jarrabawa da ma'anar gida yakan rubuta shafi biyu masu daɗin karantawa, ya fito da maki biyu cikin goma, yana ta mamakin abin da ya yi wa malam.

Littattafan darasi sukan fara tarihi daga 1879, shekarar da Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwaji a Jami'ar Leipzig ta ƙasar Jamus. Ba wai kafin nan ba wanda ya yi tunani a kan zuciyar ɗan Adam ba ne. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya riga ya bambance baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rasuwa ko asarar dukiya, da wanda yake saukar wa mutum haka kawai, ya ce na biyun daga jiki yake. Imamu Gazali kuwa, wanda har gobe ake karanta Ihya'unsa a zaurukan malaman Sakkwato, ya zauna ya rarrabe ƙalbu da ruhi da nafsu da aƙalu. Abin da Wundt ya shigo da shi sabo shi ne agogo. A zaunar da mutum, a buga ƙara, a auna lokacin da ya ɗauka kafin ya danna maɓalli, da na'urar da ke raba daƙiƙa ɗaya gida dubu. Tun daga nan tambaya ta tashi daga "mene ne hankali?" ta koma "da me za a auna shi?"

Ma'anar da ake ba ɗalibi a makon farko ita ce: nazarin ɗabi'a da ayyukan ƙwaƙwalwa ta hanyar kimiyya. A Hausa in aka ce ɗabi'a, yabo ko zargi ke biyowa, wane mai kyan ɗabi'a ne, wance ba ta da ɗabi'a. A saikoloji ba ruwan kalmar da wannan. Ƙiftawar ido ɗabi'a ce, kukan jariri ɗabi'a ne, zufar tafin hannun mai jiran sakamakon awon jini ma haka. Duk abin da mai rai ya aikata, wani na gefe zai iya gani ko ya auna, ya shiga. Ayyukan ƙwaƙwalwa su ne ɓoyayyun, wato tunani, tuni, niyya, fargaba. Su ba a ganinsu, sai dai a bi sawunsu a cikin abin da ya bayyana.

Daga nan aka sami kalmar da ta fi kowace muhimmanci a darasin, kuma ita ɗalibai suka fi tsallakewa: ma'anar awo. Kafin mai bincike ya ce zai yi nazarin kunya, dole ya faɗi abin da zai ƙirga. Daƙiƙa nawa yaro ya yi kafin ya amsa wa baƙo? Sau nawa ya ɗago ido cikin minti biyar? Amfanin wannan shi ne wani a Gusau ko Birnin Kebbi zai iya maimaita aikin ya ga ko zai sami abin da aka samu. Haɗarinsa kuma a fili yake. Takardar awon da aka tsara a Amurka tana iya ƙirga sunkuyar da kai a matsayin alamar tsoron mutane, alhali yaron da ya ƙura wa kakansa ido a Gwadabawa shi ne za a ce ba shi da tarbiyya. Uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi gaban jama'a, baƙon mai bincike zai iya rubuta cewa ba shaƙuwa tsakaninsu. Abin da ya gani ya rubuta, amma ba abin da yake zato ya auna ba.

Wannan shi ya kawo kalmomi biyu da kullum ake cakuɗawa, tabbatuwar awo da ingancin awo. Mudu ya fi komai saurin warware su. A ce mai awo ya bubbuga gindin mudunsa ya shige ciki. In ya auna gero sau goma, sau goma adadi ɗaya zai bayar. Awonsa tabbatacce ne, ba ya sauyawa. Amma ba mudu yake ba ka ba, don haka ba ingantacce ba ne. Awo na iya tabbata bai inganta ba, amma wanda yau ya ba ka kaza gobe ya ba ka kaza, maganar inganci ma ba ta taso ba. Gwajin basira na farko, wanda Alfred Binet da Théodore Simon suka fitar a Faransa a 1905, an yi shi ne don gano yaran da ke buƙatar ƙarin taimako a makaranta. Na yanzu an tsara su matsakaicin maki ya zama 100, kuma kusan kashi biyu cikin uku na mutane su faɗo tsakanin 85 da 115. Sai dai matsakaicin waɗanda aka gwada lokacin tsara takardar ne. Yaron Illela da ke juya naira zuwa sefa da ka, tun kafin mai kalkuleta ya gama danne-danne, in aka ba shi takardar cikin Turanci, Turancinsa aka auna. Ba ƙaramar matsala ba ce: wani bincike na 2008 ya duba manyan mujallun fannin ya tarar kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi gwaji a kansu daga ƙasashen Yamma suke, ƙasashen da yawan jama'arsu bai wuce kashi 12 cikin ɗari na duniya ba.

Sai maganar alaƙa da sanadi. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, cinikin ƙanƙara yakan tashi, masu kamuwa da sanƙarau ma sukan ƙaru. In aka zana lissafin biyu a takarda za a ga suna hawa tare suna sauka tare. Wannan ita ce alaƙa, ana auna ƙarfinta da lamba daga -1 zuwa +1, sifili kuma na nufin ba sa bin juna. Amma ƙanƙara ba ta kawo sanƙarau. Akwai na uku a bayan fage, wato rani da zafinsa da bushewar iska da ƙura, shi ke jan su duka. Wani lokaci kuma kibiyar juyawa take yi: an ga yaran da aka fi duka sun fi taurin kai, to dukan ne ya kawo taurin kan, ko taurin kan ne ya jawo dukan? Lissafin alaƙa ba zai raba wannan gardama ba.

Gwaji ne kawai ke iya nuna sanadi, kuma yana da ƙa'idojinsa. A ce malama na son sanin ko raba karatu kwana-kwana ya fi yin sa zama ɗaya. Ta ɗauki ɗalibai 60 da jerin kalmomi 30. Ta rubuta sunayensu a 'yan takardu, ta zuba a kwano, a yi ƙuri'a, 30 nan 30 can. Rukuni na farko su yi karatun minti 60 a zama ɗaya, na biyu minti 20 kullum har kwana uku. Bayan mako guda da zaman ƙarshe na kowane rukuni a gwada su. Tsarin karatun shi ne abin da ake juyawa, yawan kalmomin da aka tuna shi ne abin da ake aunawa, rukunin farko kuma shi ne na kwatance. Inda abin ke lalacewa sananne ne. In ta bar yara su zaɓi rukuni da kansu, masu ƙwazo za su taru wuri ɗaya. In ta gwada wasu da sanyin safiya, wasu da azahar cikin aji mai rufin kwano, zafi ta auna. In ita ce ta duba takardun tana sane da rukunin kowa, hannunta zai karkata ba da saninta ba, shi ya sa ake ba wani ya duba, lambobi a maimakon sunaye. Ƙuri'ar nan da ake rainawa ita ce zuciyar aikin, domin ita ke raba masu basira da masu yunwa da masu ciwon kai daidai-wa-daida tsakanin rukunan, har da bambancin da malamar ba ta ma san da shi ba.

Babin koyo shi ne ya fi yawan kalmomi, shi ne kuma ya fi amfani ga malamin aji da uwa a gida. Ivan Pavlov ɗan Rasha ba masanin halayya ba ne, narkewar abinci yake nazari, a kanta ma ya ci kyautar Nobel a 1904. Sai ya lura karnukansa na zubar da yawu tun daga jin takun mai kawo abinci. Duk mai kiwon jajayen awakin Sakkwato ya san wannan ba tare da ya ji sunan Pavlov ba. Dusa a baki tana kawo yawu ba sai an koya ba, ita ce mazaburi na asali, wato abin da ke tayar da martani, yawun kuma martani na asali. Ƙarar kwano da farko ba ta nufin komai ga ɗan akuya. In kullum ƙarar na zuwa gab da dusa, bayan 'yan kwanaki ƙarar kaɗai ta isa ta tsinka masa yawu. Ta zama mazaburi na koyo, yawun da ta jawo kuma martani na koyo. Abin da ke rikita ɗalibi shi ne yawu ɗaya ne a wuri biyun. Abin da ya jawo shi ne ke sauya masa suna. Tsarin lokaci ma yana da muhimmanci: ƙara ta riga dusa da ɗan kaɗan. In dusa ta riga, kusan ba a koyon komai, don ƙarar ba ta ba da labarin abin da ke tafe ba.

Sauran kalmomin babin daga nan suke fita. In aka yi ta buga kwano ba dusa, martanin zai yi ta raguwa, wannan ita ce dusashewa. Ba gogewa ba ce, domin bayan hutun 'yan kwanaki martanin kan sake ɓullowa da kansa. Game-gari kuwa Bahaushe ya riga ya faɗe shi: wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Yaron da aka yi wa allura yana iya tsala ihu da ganin duk mai farar riga, har mai sayar da magani a kanti. Daga baya ya koyi bambancewa, ya gane wace farar riga ce ke zuwa da allura.

Koyo na biyu ta sakamako yake zuwa, kuma da sunan B. F. Skinner aka fi saninsa, daga shekarun 1930. A na Pavlov abu ne ke faruwa ga mai rai. A nan shi ne ke aikatawa, abin da ya biyo baya ya ƙara aikin ko ya rage shi. Duk abin da ya sa aiki ya ƙaru sunansa ƙarfafawa, duk abin da ya sa ya ragu sunansa hukunci. Kowanne kuma iri biyu ne, ta bayarwa ko ta ɗaukewa. Kuskuren da ya fi cin makin ɗalibai shi ne ɗaukar ƙarfafawa ta ɗaukewa a matsayin hukunci, saboda kalmar Turancin da ke gabanta, wato "negative", tana kama da "mara kyau", alhali alamar ragi ta lissafi ake nufi. Mai ciwon kai ya sha farasitamol, ciwon ya tafi, gobe ma da ya ji ciwo sai ya nemi ƙwayar. An ɗauke masa abin da ba ya so, shan magani ya ƙaru, don haka ƙarfafawa ce. Hanya mafi sauƙi ita ce tambaya biyu a jere: aikin ƙaruwa ya yi ko raguwa? Sannan, ba shi wani abu aka yi ko ɗauke masa aka yi?

Yaro da uwarsa a kasuwa sun haɗa duka biyun. Ya ga alewa, ya fasa kuka, ta saya masa. Shi an ƙarfafa kukansa ta bayarwa. Ita an ƙarfafa sayen ta ɗaukewa, domin kukan da idon jama'a sun sauka daga kanta. Kowa ya horar da ɗan'uwansa. Ranar da ta yanke shawarar dainawa, kukan ba raguwa zai fara yi ba, ƙaruwa zai yi, har da birgima a ƙasa. Masana sun san wannan tashin, alama ce cewa dusashewa ta kama hanya. In ta jure sau huɗu ta karaya a na biyar, ta koya masa darasi biyu masu tsada: a ƙara murya, kuma kada a fid da rai. Ladan da ba a san ranar zuwansa ba shi ne ya fi kowane wuyar kankarewa. Mai buga bulo da ake biya bisa kowane ɗari, in aka daina biya ranar zai gane ya ajiye shebur. Mai zuwa shagon cacar ƙwallo kuwa, da ya ci sau ɗaya cikin ashirin, faɗuwa goma a jere ba ta gaya masa komai, don haka abin ya saba zuwa.

Bulala fa? A lissafin wannan fanni tana aiki, amma aikinta gajere ne. Tana danne ɗabi'a muddin mai bulalar na kusa. Ba ta nuna abin da ya kamata a yi a maimako. In ta yi jinkiri, irin na "bari babanka ya dawo," yaro ƙarami ya fi haɗa dukan da dawowar uba fiye da laifin safe. Sannan koyon Pavlov na gudana a ƙarƙashi ba wanda ya gayyace shi: ɗalibin da ake zane wa a darasin lissafi, gabansa kan fara faɗuwa da ganin littafin lissafi. Albert Bandura ya ƙara wani abu a 1961, da ya nuna yaran da suka kalli babba yana jibgar 'yar tsana sun fi jibgarta in an bar su da ita. Ba lada, ba hukunci, gani kawai.

Kalmar "ji" a Hausa ta isa ta rikita babi guda. Muna jin ƙara, mu ji ƙamshi, mu ji zafi, mu ji gishiri a miya, mu ji tsoro, mu ji Larabci. Gani kaɗai muka ware wa kalmarsa. Saikoloji ya yanka wannan "ji" aƙalla gida biyu: kamawar gaɓɓai, wato ido ko kunne ko fata su karɓi haske ko sauti ko taɓi su aika saƙo, da fassarar da ƙwaƙwalwa ke yi wa saƙon. Kawalwalniyar da direba ke hangowa a kwalta da tsakar rana, ido bai yi ƙarya ba, hasken sama ne iska mai zafi ta lanƙwaso. Ƙwaƙwalwa ce ta ce ruwa ne. Baƙon da ya shiga majema yakan toshe hanci, majemin da ya wuni a ciki ba ya jin komai, wannan shi ne sabon gaɓa. Ernst Weber kuma ya gano cewa ƙaramin bambancin da mutum ke iya ganewa ba adadi ba ne tsayayye, kaso ne na abin da ake da shi, a nauyi kusan ɗaya cikin hamsin. Albasa ɗaya in aka ɗora a kan uku da ke hannu za a ji, in aka jefa ta cikin buhu ɗan dako ba zai sani ba.

Tuni mataki uku ne: shigarwa, ajiya, da cirowa. Yawancin abin da muke kira mantuwa a mataki na farko ko na uku yake faruwa. Ko dai abin bai shiga ba tun asali don hankali na wani wuri, ko yana nan an rasa igiyar jawo shi, kamar sunan da ke bakin harshe ya ƙi fitowa sai an kwanta barci. Ma'ajin wucin gadi ƙarami ne ƙwarai. George Miller a 1956 ya ce abu bakwai ne, ko a ƙara biyu ko a rage biyu, binciken baya ya rage shi zuwa kusan huɗu, kuma in ba a maimaita ba cikin daƙiƙa 20 zuwa 30 ya zube. Shi ya sa ba mai karanto lambar waya guda 11 a dunƙule, sai an yanka ta huɗu, uku, huɗu. Ma'aji mai ɗorewa kuma ba ɗaki ɗaya ba ne. Wani majinyaci da aka sani da H.M., wanda aka yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa mai suna hifokamfas ta gefe biyu a 1953 saboda farfaɗiya, ya daina riƙe sabon labari. Duk da haka da aka sa shi zana tauraro yana kallon hannunsa ta madubi, kullum sai ya ƙara ƙwarewa, yana kuma cewa bai taɓa yin aikin ba. Tunin labari daban, tunin hannu daban.

Hermann Ebbinghaus ya auna mantuwa a kan kansa, ya buga sakamakon a 1885. Yakan haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana, ya bari lokaci ya wuce, ya sake haddacewa, ya ga yawan wahalar da haddar farko ta rage masa. Bayan awa ɗaya fiye da rabi ya tafi, bayan kwana ɗaya kusan kashi biyu cikin uku, bayan wata guda kusan ɗaya cikin biyar ne ya saura. Zubar da sauri take farawa sannan ta lafa. Maganinta biyu ne da gwaje-gwaje suka yi ta tabbatarwa: a raba maimaici a kan kwanaki, kuma a rufe littafi a ciro abin da ka, maimakon a yi ta sake karantawa. Makarantar allo a kan waɗannan biyun take tun fil azal. Ba a wanke allo sai almajiri ya biya wa malam, ana karatu da asuba da yamma da dare, ga tilawa tana komawa kan na baya. Ɗalibin jami'a da ya bar wannan ya koma kwana ɗaya cur yana jan layi a ƙarƙashin rubutu, baya ya ci. Sake karantawa na sa rubutu ya zama sananne ga ido, sai mutum ya ɗauka ya iya. Iyakar tsarin dai a faɗe ta: hadda na riƙe lafazi, amma tambayar da ta ce a kawo misalin ƙarfafawa ta ɗaukewa daga rayuwar ɗan kabu-kabu, sai wanda ya fahimta.

"Hali zanen dutse" rabin gaskiya ne a wurin masana. Sun yarda akwai siffofi masu ɗorewa, kuma tsarin da aka fi amfani da shi ya tara su gida biyar: son sabon abu, kula da tsari, son shiga jama'a, sauƙin kai, da saurin shiga damuwa. Kowace ma'auni ce mai tsawo, yawancin mutane a tsakiya suke. Amma Walter Mischel ya nuna a 1968 cewa alaƙar makin hali da abin da mutum zai aikata a wani yanayi guda ba ta cika wuce 0.3 ba. Wuri da jama'a na da nasu ƙarfin. Solomon Asch a farkon shekarun 1950 ya sa mutane su faɗi layin da ya yi daidai da wani a tsawo, abin da ko yaro zai gane, amma sauran na ɗakin an haɗa baki da su su ba da amsar kuskure. Kusan uku cikin huɗu sun bi yawa aƙalla sau ɗaya. Da aka sa mutum ɗaya tak ya saɓa wa taron, bin ya faɗi warwas. Mukan manta da wannan in muna hukunta wani: ɗan kabu-kabun da ya yanke mana hanya ɗan ganganci ne, mu kuwa in mun yi, sauri muke za mu asibiti.

A nan ɗalibai kan so su daidaita rabe-raben rai guda uku da Sigmund Freud ya yi a 1923 (sashen sha'awa, sashen auna zahiri, da sashen tsawatarwa) da nafsu ammara da lawwama da muɗma'inna. Kamar da ke tsakaninsu ta sama-sama ce. Na Alƙur'ani matsayi ne da rai ke hawa ta hanyar tarbiyya. Na Freud sassa ne da ke ja-in-ja a lokaci ɗaya har mutuwa, kuma yawancin da'awarsa ba ta gwaduwa, shi ya sa a yau ya fi zama a babin tarihi.

Kalmar "damuwa" kuwa ta ɗauki kaya fiye da ƙarfinta. Da ita muke fassara matsin rayuwa, da fargabar abin da bai zo ba, da ciwon baƙin ciki mai kwantar da mutum, alhali uku ne mabambanta. Kafin a kira abu ciwon baƙin ciki, ƙa'idar da likitoci suka fi bi ita ce a sami aƙalla alamu biyar cikin tara, kusan kullum, har mako biyu, kuma ɗaya daga ciki ya zama ƙuncin rai ko gushewar jin daɗin abin da aka saba so. Sauran su ne sauyin ci ko nauyin jiki, sauyin barci, gajiya, sanyin jiki ko kasa zama wuri ɗaya, jin rashin amfani ko ɗora wa kai laifi, kasa tattara hankali, da tunanin mutuwa. Dole kuma abin ya taɓa aiki ko zaman gida. Mai wannan ciwo a ƙasar Hausa ba lalle ya ce yana baƙin ciki ba. Zai ce kansa na zafi, wani abu na yawo a jikinsa, gabansa na faɗuwa, barci ya ƙaurace masa. Sai a yi ta ba shi maganin maleriya da taifot, wata na bin wata.

Masu aikin ma ana cakuɗa su. Likitan ƙwaƙwalwa cikakken likita ne da ya yi shekara shida a makarantar likitanci sannan ya ƙware, shi ke rubuta magani. Masanin halayya na asibiti digirin saikoloji ya yi ya ɗora na biyu, aikinsa gwaji da jinya ta hanyar zama da magana, ba ya rubuta ƙwaya. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware ba na wanda ya fita tsirara kaɗai ba ne, mai rashin barci da mai shaye-shaye da mai jego da ta rikice duk hurumin irin wannan asibiti ne. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin ta 1958 mai kiran majinyata mahaukata.

A ƙananan asibitoci akwai takardar tantancewa mai suna PHQ-9 da ma'aikacin lafiya zai iya cikewa cikin minti biyar. Tambaya tara ce a kan mako biyun da suka wuce, kowace da maki daga 0 zuwa 3, jimla 27. Rariya ce, ba hukunci ba: maki 10 zuwa sama na nufin a zauna a yi cikakken bincike ko a tura mutum gaba. Inda ake kuskure shi ne ma'aikaci ya fassara tambayoyin da ka, yau ya ce "damuwa," gobe "ɓacin rai," jibi "tunani," sai mudun ya sauya daga majinyaci zuwa majinyaci. A tsayar da lafazi ɗaya a rubuce, kowa ya karanta shi. A yi tambayar ba miji ko suruka a tsaye a kai. Tambaya ta tara, wadda ta shafi tunanin mutuwa ko cutar da kai, ba a jiran jimla a kanta: ko maki 1 aka samu, ba a sallamar mutum ranar sai an yi magana da shi a kanta, an kuma san wanda zai kwana kusa da shi.